Rigar Baba da Mabuɗin Tarabulus

Kuɗin motar da ya kai ni Tarabulus riga ce. E, riga, kun ji daidai. Kai Nazifi, kife wayar nan a cinyarka in kana son ka ji. Ku kuka tsare ni da tambayar layar da ke wuyana, to yau za ku ji, kuma tun yanzu ku sani ba laya ba ce.

Kakanku, babanmu, mai zane ne. Duk Soron Ɗinki in za a yi babbar riga ta kece raini, wurinsa ake kawo ƙyalle. A nan zauren da muke zaune zai shimfiɗa shi a cinya, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya zana askake da tambari da dagi ba tare da ya dubi komai ba, sannan masu allura su ɗauka su bi layinsa. Ya zana wa mutane abin da ba zai ƙirgu ba, amma riga ɗaya ce tak ya zana wa kansa, ya kuma ɗinka da hannunsa. Saƙi ce baƙa, aikin zaren tsamiya. Askaken kowa a miƙe suke, nata kuwa sun ɗan karkata, kamar gero in iska ta taɓa shi. Ina yaro, in ya shanya ta bayan Salla, nakan kwanta a gefenta ina bin zaren da yatsa har barci ya ɗauke ni.

To sai aikin hannu ya fara mutuwa, kowa ya koma na inji, ga shi idon Baba ya fara yin yana. Na ce zan tafi Libiya in nemo. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Wata Juma'a na dawo daga masallaci na ci karo da dillali yana fita da ƙunshi a hammata. Na duba ƙusar da ake rataye rigar, wayam. An ce wani Bature ne ya saya, washegari ma ya hau jirgi da ita.

Na ce, "Baba, wallahi sai na dawo maka da ita."

Ya ce, "Wadda ta hau jirgi?"

"To, irin ta."

Ya yi dariya ya ce, "Je ka dai ka dawo da kanka."

Ba zan ba ku labarin hamada yau ba, wannan zama ne na daban. Abin da zan ce kawai, akwai wurin da za ka duba gaba ka duba baya ka rasa ko tafiya kuke ko a tsaye kuke. Rairayi na motsi, sama na motsi, kai kana saman kaya a bayan mota riƙe da sanda, kana ganin tafkuna masu kyau waɗanda babu su. Da muka isa Tarabulus na ga teku, ban yarda da shi ba sai da na je na tsoma ƙafa.

Na sauka a ɗakin Isiyaku, wani baduku ɗan Dukawuya da ke gyaran takalma a can. Mai gidan hayarmu wani tsoho ne mai kunnen tsiya da hancin tsiya. Su abincinsu taliya ce da ruwa tsamo-tsamo, wai mabakbaka, ku ji suna kamar tukunya na tafasa. Ranar da Isiyaku ya jefa daddawa a miya, sai ga tsoho ya hauro bene yana haki.

"Wa ya mutu a ɗakin nan?"

Isiyaku ya ce, "Babu wanda ya mutu, ya Hajj, miya ce."

"To miyar ce ta mutu! Ku fitar da ita ku binne!"

Muka zuba masa a kwano don neman sulhu, ya karɓa yana tsaki. Bayan kwana biyu ya dawo da kwanon a wanke, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon rufi, wai ko gawar nan ta rage.

Isiyakun ne ya kai ni wurin Hajj Salim, mai shagon ɗinkin kwamfuta a wani lungu da ke gangarawa bakin teku. Mudir muke ce masa, wato shugaba. Mutum ne gajere mai faɗa, mai kuma saurin hucewa. Komai ka tambaye shi sai ya ce gudwa, wato gobe, komai ka gama kuma sai ya ce bahi, wato ya yi. Da gudwa da bahi na ci shekaru a garin nan. Aikina na farko shara da sa zare. Injin yana da kawuna a jere, kowane kai da alluransa, in ya tashi sai ka ce ruwan sama a kan kwano. Bajon 'yan makaranta yake yi, da adon falmaran ɗin mutanen garin, da wuyan abaya. Na tsaya ina kallon abin da zai ci wa Baba wata guda yana fitowa kafin shayi ya huce, na rasa murna zan yi ko kuka.

Amma injin nan ba ya yin komai da kansa. Sai an zana masa a kwamfuta, an nuna masa inda allura za ta shiga da inda za ta fita. Abin da ake zanen da shi manhaja ce ta wani kamfani a Turai, mai tsadar gaske. Faifanta ba wani abu ba ne, kowa na iya kwafa ya ba maƙwabcinsa, ya ba surukinsa. Masu ita sun san halinmu, 'yan Adam, shi ya sa suka haɗa ta da wani ɗan abu kamar ɗan yatsa, shuɗi, wanda ake cusawa a jikin kwamfuta. Su suna ce masa dongul, mudir ya ce dungul, ni da na ga harshena zai karye na ce mabuɗi. In yana jiki, wata 'yar wuta koriya za ta kama a gindinsa, manhaja ta buɗe. In ka zare shi, sai ta yi maka wani rubutu ta rufe fuskarta. Ko ka kwafi faifan sau ɗari, wanda mabuɗin ke hannunsa shi kaɗai zai yi aiki. Wai kowane ɗan lokaci manhajar na yi wa mabuɗin tambaya a asirce, shi kuma ya ba ta amsa, kuma amsar ba ta kwafuwa.

Akwai wani mai shago a bayanmu da ya sayi ta sata, wadda aka fasa ta yadda ba ta neman mabuɗi. Yana ta yi wa mudir dariya, wai ya zubar da kuɗinsa a teku. Ana nan, ana tsakiyar aikin kayan wata amarya, sai tasa ta haukace, allura ta tsaya wuri ɗaya tana duka har ta huda ƙyallen. Mun jiyo ihun uwar amarya daga shagonmu. Mudir ya dai shafa ƙirjinsa, don a nan mabuɗin yake kwana, a jikin igiya, tare da makullin gidansa.

Ba ya barin sa ga kowa. Da an kira salla zai zare ya rataya a wuya, ko kana tsakiyar me. Na taɓa cewa, "Ya mudir, saura kaɗan in gama." Ya ce, "Mabuɗi ya tafi masallaci, kai me kake jira?" Wallahi ban taɓa tsare jam'i a rayuwata kamar zamana a shagon nan ba.

Yadda aka yi na hau kujerar zane kuwa, mai yi masa zanen ne ya yi fushi ya tafi, ga aiki jibge. Mudir ya gan ni ina zana dagi a bayan kwali da biro. Ya ce, "Wa ya koya maka?" Na ce babana. Ya ja ni ya zaunar, ya ɗora hannuna a kan maus ɗin kwamfuta, ya yi mini ihu na tsawon wata guda, har hannun ya faɗa.

A can da rana tsaka gari yakan mutu. Kowa ya ci mabakbakarsa ya kwanta, ba a buɗewa sai la'asar. Da mudir ya yarda da ni, sai ya riƙa bar mini mabuɗin a jiki bayan azahar, ya ja ƙofar ƙarfe rabi, ya miƙe a kan buhunan zare yana minshari. A wannan lokacin na fara rigar Baba. Ba ni da hoto, ba ni da komai, sai abin da yatsana ya riƙe tun ina yaro. In rufe ido in ga askar farko, in buɗe in ɗiga. Ɗigo ɗaya, allura ɗaya. Hasken teku yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana rawa a rufi, iska na kawo ƙamshin gishiri da burodi, 'yar koriyar wutar nan na ƙifta mini ido. Sai in ji kamar a nan nake, a zauren nan, ina jin ƙarar alƙalamin Baba a kan ƙyalle da muryar mai fura tana wucewa. Wani lokaci sai mudir ya taɓa kafaɗata sannan in san la'asar ta yi. Ya zare mabuɗi, riga ta ɓace. Mu dawo daga masallaci ya mayar, in buɗe, ga ta nan inda na bar ta.

Kun ga inda na samo tunanina. Abu in an zare ya tafi, in an mayar ya dawo, ina yake zaune in ba a ciki ba? Ban taɓa tambaya ba, don ban ga abin tambaya ba. Duk sanda na kira gida aka kai wa Baba waya, sai in ce, "Baba, rigarka tana cikin mabuɗi, saura tambari." Shi kuma ya ce, "Wane irin mabuɗi ne wannan mai cin babbar riga?" A lokacin idon nasa ya riga ya rufe gaba ɗaya, ga ciwon ƙirji ya sa shi gaba. Ni lissafina, in gama zane, in sayi ƙyalle mai kyau, inji ya buga ta a yini ɗaya, in kai masa ya shafa da hannunsa tun yana da rai. Ba na son komai a duniya kamar wannan.

Satin da na ɗiga allurar ƙarshe, a satin ne yaƙi ya iso garin. Da ma muna jin sa daga nesa, a bakin mutane da talabijin, sai ga shi a kan titinmu. Wuta ta ɗauke ba ta dawo ba, injin ya yi shiru da zare a bakinsa. Jirage na wucewa ba ka ganin su, sai dai gilashin taga ya amsa. Baƙar fata kuma ta zama laifi, duk inda aka gan mu sai a ce sojojin haya ne. Tsohon nan mai gidan haya, wanda ya ce a binne miyarmu, shi ya riƙa kulle mu ta waje yana cewa babu kowa a sama, ya dawo da burodi a cikin rigarsa. Allah ya saka masa, ko yana raye ko ya mutu.

Da aka ce akwai motocin da za su yi kudu, na lallaɓa shago da safe. Na tarar da mudir zaune a ƙasa cikin zare, bai yi aski ba, idonsa ja. Ɗansa ya fita tun kwanaki bai dawo ba. Na durƙusa na haɗa ɗan Larabcin da nake da shi na ce zan tafi gida, babana ba lafiya, rigarsa kuma tana cikin mabuɗin nan. Ya dube ni, amma na san ba ni yake gani ba. Ya cire igiyar daga wuyansa, ya zare makullin gida, ya rataya mini sauran.

Ya ce, "Bahi. Amana ce. In na rayu zan neme ka."

Na ce, "Yaushe, ya mudir?"

Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Gudwa."

Kwamfutar tana nan a kan tebur, ƙura ta fara hawa kanta. Har na shafa ta na yi mata sallama, na fita.

A hanya ana ƙwace waya da duk wani abu mai kama da filash, don kada a fita da hotunan yaƙi. Kafin mu tashi, Isiyaku, da za mu taho gida tare, ya karɓi mabuɗin ya juya shi, ya ce, "Ka tabbata babu abin da za ka ciro a cikin akwatin kwamfutar can?" Na ce, "Kai dai ɗinka, komai na nan." Ya yanko jar fata daga cikin kayan aikinsa, ya naɗe shi ya ɗinke tsaf, ɗinkin Dukawuya, wanda ko malamin da ya rubuta laya zai rantse tasa ce. A wani shinge wani yaro mai bindiga, gemunsa bai ko fito ba, ya kama ta ya ja har igiya ta shiga wuyana. Ya ce mene ne. Na ce ayoyi ne, kakana ya ba ni, wanda ya kwance kuma shi ya sani. Ya sake ta kamar ya taɓa garwashi. Ya karɓe wayata da takalmina, ni kuwa ina saman mota ina dariya ni kaɗai. Duk tsawon hamadar nan hannuna na kan ƙirjina, ina jin rigar a ciki, a ninke, da askakenta da tambarinta.

Na shigo ta Ƙofar Dawanau da silifas ɗin aro. Baba na kwance a ɗakin da ke bayan zauren nan, ya rame har na tsorata. Ya shafa fuskata ya ce na dawo da kaina, to madalla. Na ɗora masa layar a tafin hannu na ce ga riga. Ya auna ta ya ce, "Ba ta da nauyi."

Washegari na nemi wani shago a wajen gari da aka ce sun kawo injin kwamfuta. Mai shagon saurayi ne mai ladabi. Da na farke fatar ya ga abin da ke ciki, sai da ya miƙe tsaye. Ya ce shi ta sata yake fama da ita, bai taɓa riƙe na gaskiya a hannunsa ba. Ya nemo faifan da ya dace ya sa, muka cusa mabuɗi, koriyar wuta ta kama. Wallahi da na gan ta sai da hawaye ya zo mini, kamar na ga ɗan'uwa. Manhaja ta buɗe, fili fari fat.

Na ce, "To, buɗe rigar."

Ya ce, "Wace riga, Kawu?"

"Tana ciki. Duba da kyau."

Ya duba don ya faranta mini, sannan ya juyo a hankali ya ce, "Ina kwamfutar da ka yi zanen a kanta?"

"Tana Tarabulus."

Ya ce, "Kawu, wannan mabuɗi ne fa. Izini kawai yake bayarwa, ba ya ajiye komai. Ka taɓa ganin mabuɗin da ɗaki ke cikinsa?"

Ban san yadda na fito ba. Ya biyo ni har bakin titi yana cewa in sayar masa, zai saya da daraja. Na ce ba nawa ba ne. Na taho a ƙasa tun daga can har gida, ina tafe ina ganin tebur ɗin nan da ƙurarsa, da hannuna yana shafa akwatin yana yi masa sallama. Baƙin cikin da na ji ran nan ban ji shi a hamada ba, ban ji shi a shinge ba.

Na zauna a bakin gadon Baba na faɗa masa duka. Na zaci zai yi shiru irin nasa. Sai ya kama dariya, dariya har tari ya sarƙe shi, na ɗaga shi na ba shi ruwa. Ya ce, "Wato ka ratso duniya da mabuɗi, ka bar musu ɗakin." Da ya huta ya ce, "Akwai sauran saƙi a ƙasan adaka. Alƙalamina na cikin gafaka. Tawadar ta bushe, zuba mata ruwa."

Na ce, "Baba, aikin hannu ne fa, zai ci watanni."

Ya ce, "Kana da wurin zuwa ne?"

Na shimfiɗa ƙyalle a cinya, ina tunanin ta ina zan fara. Amma abin da ka ɗiga allura bayan allura shekara da shekaru ba ya barin ka, alƙalami ya riƙa tafiya kamar ya san hanya. Na sayo zaren tsamiya na fara. Kullum da hantsi in fito da shi nan zaure, in jingina shi da bangon can inda Nazifi yake, in zauna a gefensa. In na yi kamu ɗaya sai ya miƙo hannu ya bi da yatsa. Wani lokaci ya ce, "Warware, ka ja zare da yawa, fushi kake da shi?" Wani lokaci yana cikin shafawa, sai ya kama ba ni labarin inda yake zaune ranar da ya ɗinka wannan wurin a tasa rigar, da abin da innarmu ta dafa, da wanda ya shigo ya yi sallama. Abubuwan da ban taɓa ji ba duk zamana da shi. Damina ta zo ta same mu a haka, muna jin ruwa na sauka daga indararo, ni da allura shi da yatsa, har kaka ta yi.

Wata la'asar, saura aska ɗaya, ya riƙe rigar a ƙirjinsa ya daɗe. Ya ce, "Injin naku, a yini nawa ka ce zai yi ta?"

Na ce, "Yini ɗaya, Baba."

Ya ce, "Ashe da yini ɗaya za ka zauna kusa da ni." Ya lalubo layar a wuyana, wadda Isiyaku ya sake ɗinke mini, ya ɗan ja ta. "In ka ga mai mabuɗin nan, ka ce na gode da bai sa komai a ciki ba."

Bai kai Juma'ar da ta biyo ba.

Mudir bai neme ni ba har yau. Lambarsa ta tafi da wayata, na aika tambaya ta bakin masu zuwa, babu wanda ya san lungun ma yanzu. An ce manhajar ta tsufa, mabuɗin ba ya buɗe komai a zamanin nan, ko kyauta ba mai karɓa. Oho, amana ce, ga saƙo kuma ban isar ba.

Nazifi, tashi ka shiga ɗaki, ka sauko da abin da ke rataye a ƙusar bayan ƙofa. Ka wanke hannu tukuna. Ku shimfiɗa ta a nan, ku bi da yatsa, za ku ji inda ya sa na warware. Can gefen hagu za ku ga aska ɗaya da tawada kawai, babu zare. Kada wanda ya ce zai ƙarasa mini, nan yatsansa ya tsaya.